Katalfar Baba Ta Tsiro a Winnipeg

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya ƙafar taki? Yaya 'yar'uwata Odessa da yaranta?

Ga abin da na gani da idona ranar Talata da safe. Cikin irin da kika aiko daga itacen katalfa na marigayi Baba, uku sun tsiro a tukunyar da ke bakin tagata. Ban binne su da zurfi ba, ƙasa kaɗan na yayyafa musu, yadda Baba ya saba yi. Saboda haka idan masu faɗaɗa hanya sun zo sare itacen, ina roƙonki kada ki sake tsayawa gabansu cikin rana. Irinsa bai ɓata ba.

Mai gidan hayata, Misis Halldorson, ta tambayi amfaninsa. Na ce tsutsar ganyensa muke so, don kamun tarwaɗa. Ta ce, "Haba Dakta, duk karatun nan, tsutsa za ka noma mini?"

Sanyin garin nan da sauƙi, ina kuma cin abinci. Ki sa ni a addu'ar Lahadi.

Ɗanki,
Thaddeus

Gyara ɗaya: sanyin ba shi da sauƙi, ga tsiran nan uku ko gare ni. Ki ware mana wuri a filin da ke bayan gidanmu, ni da su muna tafe.