Wainar Arba'in ɗinki a Bakin Tekun Suwidin

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwarta, ina fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Hajararki ce, daga nan Kontagora. Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita game da sadakarki ta arba'in, yau na ga gara in sauke.

Kin tuna lokacin da aka tura ni Suwidin ƙaro ilimin ungozoma, kika rako ni tasha kina mitar wai me Turawa za su koya mini a kan haihuwa wanda ke ba ki sani ba. Wata huɗu da zuwana wani tsohon gari mai ganuwar dutse, Visby, wasiƙar Yaya Sani ta iso da labarin rasuwarki. Kafin in buɗe ta har an yi sadakar uku, an yi ta bakwai. Ban wanke ki ba, ban zauna makokinki ba. Na lissafa kwanaki, na ga arba'in kaɗai ta rage mini, kuma ta faɗo ran Asabar.

Na jiƙa shinkafa tun Juma'a. A kicin ɗin gidan da aka sauke mu na tarar da wani kasko mai gurbi-gurbi kamar tandarki, sai dai gurbin bai da zurfi. Wainar ta fito a baje, babu kumburi, irin wadda da kin gani za ki ce a kai wa kaji. Duk da haka na cika kwano, na rufe da sabon mayafina, saboda ina jin muryarki: "Hajara, abin sadaka a fita da shi da zafinsa."

Na ƙwanƙwasa ƙofofin maƙwabta, shiru. Ashe in rana ta fito a can, gari duka sai ya watse bakin teku. Akwai wata siririyar hanya da suke bi da ƙafa, ta fita daga ƙofar ganuwa ta yi arewa, ruwa a hagu, duwatsu farare da itatuwa a dama. Na ɗora kwano a ka na bi su, da takalmin silifa.

Inna, ban taɓa sanin ana rasa mai karɓar sadaka ba. A gida kafin a sauke tanda yaran unguwa sun cika zaure, kuma 'yan uwanki na Sahon Rami, Musulmi da Kirista, kowa da ƙullinsa yake komawa. A can kuwa duk wanda na tara sai na ɗan rusuna, na buɗe kwano, na ce uwata ce ta rasu. Sai ka ga fuska ta sauya, a dafe ƙirji, a ba ni haƙuri, a raɓa ta gefe a wuce. Ba wulaƙanci ba ne, daga baya na gane su a wurinsu mai makoki ake kai wa, ba a karɓa daga hannunsa. Amma a ranar zafi na ji ƙwarai.

Na yi ta tafiya. Hanyar ta hau tudu, ta gangara cikin tsakuwa, iska ta huda zanena, silifa ya tsinke na riƙe shi a hannu. Waina ta huce, ta sandare. Tsoro ya kama ni, cewa rana za ta faɗi ban ba ki komai ba.

Can inda hanyar ta ƙure a kan wani dutse na iske wata tsohuwa zaune a benci ita kaɗai. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu. Ban ma yi mata tayi ba, na gaji. Na zauna, na fito da hotonki ina kallo. Ta leƙa hoton, ta dubi kwanon, ta dube ni, sai ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya. Haƙoranta ba su da ƙarfi, amma ta tauna ta har ƙarshe, ta ƙara ta biyu. Ta tsiyaya mini kofi mai zafi a murfin fulas ɗinta.

Da na dawo gida Gwaggo Lami ta tambaye ni, na ce mata jama'a sun ci sosai. Ƙarya na yi. Mutum ɗaya ce ta ci sadakarki, ragowar na gutsura wa tsuntsayen teku.

Saura abu guda, shi ya fi yi mini nauyi. Tsohuwar ta dafa ƙirjinta ta faɗi sunanta, sannan ta ɗora yatsa a kan hotonki tana jira. Ni da tun da na iya magana bakina bai taɓa kama sunanki ba, ko a gaban likita, sai ga shi na faɗe shi da ƙarfi. Ta maimaita shi a hankali, sau biyu, har ta daidaita. A nan ne kukan da ya ƙi zuwa tun ranar wasiƙa ya ɓalle mini. Ki yafe mini rashin kunyar. Na so ne wani a ƙasar can ya san kin rayu.

Allah ya karɓi ɗan abin da na iya, ya kai ladan kabarinki, ya yalwata miki shi, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Amin.

Taki har kullum,
Hajara