Baba Ya Hana a Taɓa Rufin Shagonsa

Gwaggo, don Allah ki agaza mini, kaina ya ɗaure.

Mahaifina mai gyaran agogo ne a tsohon layin kasuwar garinmu. Tun da aka mayar da tashar mota bakin sabuwar hanya, 'yan kasuwa suka watse ɗaya bayan ɗaya, shaguna suka koma makwancin awaki. Shi kaɗai ya ƙi tashi. Kullum sai ya share ƙofarsa, ya share ta maƙwabtan da suka tafi, ya zauna da gilashi a ido ko ba a kawo masa agogo ko ɗaya ba.

To, bara mu 'ya'yan masu shagunan muka haɗu muka ce sai mun tayar da layin nan. Mun kwashe bola, mun gyara fitilu. Ƙawata ta buɗe shagon ɗinki, mai shayi ya dawo, har yara sun fara wasa a baranda da yamma. Ni aka ɗora wa shugabancin kwamitin ma. Saura rufi. Shagunan a jere suke ƙarƙashin kwano ɗaya, duk ya ci tsatsa, kuma kafinta ya ce ba a canza shi gutsi-gutsi. Kowa ya yarda ya kwashe kayansa na ɗan lokaci, ban da Baba.

Na yi lallashi, na tura yayana, na tura kawu. Cewa ya yi ina muke lokacin da shi da jemagu ke gadin layin. Ranar da na kai masa zanen sabon fasalin ko kallo bai yi ba, sai ya tambaye ni ko na ci abinci. Yanzu 'yan kwamiti sun fara cewa a yaye kwanon ranar da ya tafi ganin likita, ya dawo ya tarar aikin gama ya gama. Ga damina ta ƙarato. A layin nan na koyi tafiya, Gwaggo, ina son in ga ya rayu, amma ta yaya zan yi wa ubana haka?

'Yar mai agogo

'Yata, maganar yaye kwano a bayan idonsa, ki kashe ta yau. Rufi zai gyaru, amma abin da zai tsage tsakaninki da shi babu kafintan da zai haɗa.

Abokan aikinki suna da gaskiyarsu, ruwan sama ba ya jiran kowa ya huce. Sai dai ki duba abin da kika rubuto: zane kika kai masa bayan an gama yanke shawara. Ina jin ba gyaran yake ƙi ba. Tsoro yake kada ya fita a ce babu wurin tsoho a sabon layi.

Ki daina aike. Ku je ku duka, ku zauna a bencinsa, ku fara da godiya. Ku yi masa alkawari gaban kawun naki cewa shagonsa nasa ne, ƙofarsa da allonsa ba za a canza ba. Ku ajiye masa tebur a wata inuwa a tsallaken layin inda zai riƙa aiki yana hangen shagonsa. Shi zai sa ranar farawa, shi zai duba aikin kafinta.

In ya cije, ku shimfiɗa tamfol ku ba shi lokaci. Damina ɗaya ba za ta kashe abin da kuka fara ba.

Allah ya yi miki albarka, ya nuna wa Baba ranar da layin zai cika har ya fara ƙorafin hayaniya.