Numfashi Ɗaya

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule mai tafireta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Umma tana nan lafiya, ciwon ƙafar ya yi sauƙi. Jikokinka sun girma, in yi musu Hausa su mayar mini da Turanci, har na gaji da faɗa. Ni ce 'yarka Binta, daga New York, garin da har ka rasu ba ka gani ba.

Ka ga na cika gaisuwa yadda ka koya mini. To gaisuwar nan ce ta kusa jawo mini asara, Baba, shi ya sa na zauna in ba ka labari.

Ka san ina aikin gwajin jini a wani asibiti a unguwar Jamaica nan New York, kusa da filin jirgi. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne ina taɓa rubutu. A nan idan kana son mujalla ta buga labarinka, ba labarin kake fara turawa ba. Sai ka rubuta wa edita gajeriyar wasiƙa ta imel, ka faɗi abin da kake son rubutawa, in ya yi masa ya ce ka kawo. Da na ji haka dariya na yi. Wasiƙa dai? Ni 'yar mai tafiretar bakin gidan waya? Na ce a raina an zo gidan.

Labarin na Inna Hadiza ne, wata tsohuwa 'yar Maraɗi da ke zaune a unguwar Tremont ta yankin Bronx. Da can turare take sayarwa a titin 125 a Harlem. Amma tun kafin in zo ƙasar nan, duk macen da ta rasu a cikinmu, ita ake kira ta yi mata wanka ta sa mata likkafani. Yanzu idonta ya yi rauni, 'ya'yanta sun ce ta koma gida bayan Babbar Sallah, kuma babu wadda ta koyi aikin a hannunta. Da ƙyar ta yarda in rubuta. Abin da ta ce mini shi ne, "Yaran nan ba sa jin magana sai sun gan ta da Turanci. Rubuta, ko Allah zai sa wata ta zo." Na yi mata alkawari.

Sai na fara aika wasiƙu. Na gaida edita, na tambayi iyalinsa, na yi masa fatan sanyin bana bai dame shi ba. Na gabatar da kaina tun daga makarantar firamare. Na ba shi haƙurin ɗaukar lokacinsa, sannan na ɗauke lokacin gaba ɗaya. Sai can ƙasa Inna Hadiza take leƙowa, kamar baƙuwar da aka bari a tsaye a zaure. Mujalla bakwai na aika wa. Shiru kake ji. Kullum na je gaida Inna sai in tarar an ƙara ɗaure wani kaya, ita kuma ba ta tambaye ni ba, wannan ya fi komai ci mini rai.

Editar mujalla ta takwas ce, wata mata, ta amsa. Layi ɗaya tal: na gode da gaisuwa, amma mene ne labarin? Baba, na yi fushi. Ina ɗakin cin abincin ma'aikata na ture shinkafata gefe, na ce mutanen nan ba su da tarbiyya. Fushin bai kai la'asar ba. Ina cikin jirgin ƙasa zan koma gida sai na ji muryarka, har na waiga.

Na tuna ka ƙarƙashin darbejiya, da tafiretarka wadda harafi ɗaya yake maƙalewa sai ka ɗaga shi da farce. Na tuna manomin nan da aka tare wa hanyar ruwa. Ya yi ta magana tun daga kakansa, kai kuma ba ka taɓa tafireta ba. Da ya gaji ka ce, "To, da za a ba ka numfashi ɗaya a gaban mai wannan ofis, me za ka ce?" Sai ya faɗi magana guda. Ita ka buga a layin farko.

Na tuna kana tambayar kowa, "Wa zai karanta?" Wasiƙar da za ta je wa uwa a ƙauye kana cika ta da gaisuwa har awakin gida. Wadda za ta je ofis kuwa sallama ce, sai buƙata. Kana cewa, "Wanda takardu suka yi wa tudu, gaisuwarsa ita ce ka taƙaita." Kuma ba ka sakin mutum sai ya gaya maka abin da ya sa yake so a duba maganarsa yau, ba bayan damina ba.

Ashe rabin gadonka na ɗauko, na bar rabi a gindin bishiya. Matar da ke zaune a wani dogon bene a Manhattan, wadda ba ta san akwai ka a duniya ba, tambayarka ta yi mini. Kai da ilimin bokonka bai wuce na yaƙi da jahilci ba, ka san abin da mutane suke shiga aji a garin nan don su koya. Ni kuma ina yarinya har kunya nake ji idan ƙawayena suka wuce suka gan ka a bakin titi. Ka yafe mini wannan.

Ranar hutuna na tafi laburare na karanta tsofaffin fitowar mujallar, don in san wa zai karanta. Sannan na zauna na ja numfashi ɗaya. Na rubuta cewa akwai tsohuwa a Bronx da take wanke matan da suka rasu nesa da gida, wata biyu ya rage ta tafi, kuma ba ta da magajiya. Na faɗi tsawon labarin da ranar da zan kawo shi. Na ce ina jin yarenta, kuma na taɓa riƙe mata buta ranar da ta wanke ƙawata. Na tsaya a nan. Hannuna na ƙaiƙayi in tambayi iyalin editar, na danne shi.

Kwana biyu ta amsa: ki rubuto.

An buga shi makon jiya. Na kai wa Inna Hadiza, ta kusanto da shafin dab da idonta, ta shafa hotonta, ta ajiye. Ba ta yabe ni ba, ka san tsofaffi. Amma ranar Asabar 'yan mata uku suka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ɗaya ma'aikaciyar jinya ce, Hausarta a karye, ta ce a mujalla ta gani. Na tarar da su a falo tsakanin akwatuna, Inna tana nuna musu yadda ake yanka farin yadi, tana yi musu faɗan ba su iya riƙe almakashi ba. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga.

Ko ni idan tawa ta zo a garin nan, Baba, yanzu akwai hannun da zai wanke ni. Kuma tambayarka ce ta samo shi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da kowace wasiƙa da ka buga wa wanda ba shi da mai faɗa masa. Allah Ya kai Inna Hadiza gida lafiya, Ya sa mu cika da imani.

Na san na tsawaita, amma wannan wasiƙar gida ce, ba ta ofis ba. Da za ka ɗago daga tafireta ka tambaye ni abin da zan ce da numfashi ɗaya, ga shi: ina alfahari da kai, kuma na yi latti ban faɗa maka ba.

Taka har kullum,
Binta