Mot Ya Koma Bayan Baba

Crymych,
9 ga Yuni.

Zuwa ga ƙanena Meurig,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Carys da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, ya sawwaƙa muku sanyin Kanada da kake ta yi mana kuka da shi, kamar mu a nan rana muke sha. Ruwa bai ɗauke mana ba tun farkon Mayu. Gwaggo Tegwen ta cika saba'in da tara, bakinta kuwa bai tsufa ba ko kaɗan. Na ga saƙonka cewa zuwanku na bana ya koma baɗi saboda aiki. A kan wannan ne na zauna na ɗauki biro, don idan na kira ka a waya za ka yi ta katse ni, ni kuma in hau fushi in manta abin da ya sa na kira.

Tafiyar Asabar ta Baba tana nan. Shekara talatin da huɗu ke nan yana jan mutanen cocinmu zuwa saman duwatsun Preseli, shi a gaba da sandarsa, mu a baya da butar shayi da burodin zabibi. Mot ma yana nan, guntun karen kiwon nan, korgi, da ya rage masa tun da ya sayar da shanu. Da yake babu garken da zai kora, mu ya mayar shanunsa. Yana can ƙarshen layi, cikinsa na sharar laka, duk wanda ya yi nawa sai ya ji hanci mai sanyi a dunduniya. Shekara shida Gwaggo ce abincinsa. Kullum tana hawa tana zaginsa, wai wannan guntun abu mai ƙafafun kujerar tsuguno ya raina ta, wai ranar da ta kama shi za ta yi takalmi da kunnuwansa. Da an kai sama kuma ita ce ke fara gutsura masa cuku.

Tun cikin Maris Baba ya fara ƙorafi wai Mot ya lalace. Wai ba ya jin kira, wai yana shiga masa ƙafafu, wata rana sai ya kayar da shi. Daga nan ya ce zai ba da shi ga wani mai kiwo a Boncath, wai kare irin wannan da shanu ya dace, ba da tsofaffin coci ba. Meurig, ina jin kunyar rubuta wannan, amma na yarda da shi. Ni da kaina na kira mutumin muka sa ranar da zai zo ɗauka. Na kuma lura Baba ya koma yawan tsayawa a hanya yana ba mu tarihin duwatsun da muka ji sau ɗari, kuma duk ƙyauren shingen da muka iso sai ya ce mu wuce, shi zai rufe. Ka san rufe ƙyaure aikin na ƙarshe ne, Baba kuwa tun muna yara bai taɓa yarda ya zama na ƙarshe ba. Na gani da idona, na ce a raina tsufa ne ya sa shi son surutu.

Asabar uku da suka wuce na manta butar shayi a mota, sai na koma ɗauko ta. Da na biyo sahu, jama'a sun riga sun yi nisa sun ɓace a bayan tudu. A ƙyaure na biyu, wajen katangar duwatsu, na tarar da Baba. Ya riƙe ƙarfen da hannu biyu, kansa a sunkuye, fuskarsa ta yi fari fat, yana jan numfashi da ƙyar. Mot yana zaune ya jingina da ƙafarsa, ba haushi, ba cizo. Karen da ba ya iya zama idan garke ya yi gaba, ga shi ya bar mutum goma sha ɗaya sun tafi ya tsaya wa ɗaya. Da Baba ya ɗaga ƙafa sai ya miƙe ya bi dunduniyarsa a hankali, da ya tsaya sai ya sake zama. Na tsaya da buta a hannu ina kallonsu.

Da ya gan ni ya so ya fake da ɗaure igiyar takalmi, na ce masa Baba don Allah ya isa. Sai ya zauna a kan katanga. Can ya ce shekara hamsin yana kiwo, bai taɓa buƙatar likitan dabbobi ya nuna masa saniyar da ba ta da lafiya ba. Wai da safe idan an kora su, kare yake kallo, wadda karen ya liƙe wa ita ce. Wai ranar farko da Mot ya bar Gwaggo ya dawo bayansa ya gane abin da ake gaya masa, kuma ya san kowane tsohon makiyayi a cikin tafiyar zai gane. Shi ya sa ya so ya kawar da shi kafin ya gama tona masa asiri. Ya faɗi haka yana shafa kan karen, ni kuwa hawaye na bi mini fuska, rabi tausayi rabi haushi.

Muna nan sai ga Gwaggo ta gangaro tana dogara sanda. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, kai Idwal, wa kake yaudara? Wai ita ta sani tun ranar da karen ya daina bin ta, don dai ta san ba sauri ta ƙara ba. Wai wata uku tana jira ta ga ko girman kan zai ƙare kafin numfashin. Baba ya ce mata bakin nan nata ne zai kai shi ƙasa, ba ciwo ba. Ta ce to ya tashi su je asibiti a tantance. Har shi sai da ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Mun je. Wata ƙofa ce a cikin zuciyarsa ta tsuke, jini ba ya wucewa yadda ya kamata. An sa za a yi masa aikin tiyata a watan Oktoba. Likitar ba ta ɓoye mana ba cewa a shekara tamanin da ɗaya ba kowa ke tashi daga wannan gadon ba, wanda ya tashi ma ba lalle ya sake hawa dutse ba. Na kira mutumin Boncath na ba shi haƙuri. Yanzu Gwaggo ce ke jan tafiyar Asabar, tana ba da umarni kamar da shi aka haife ta. Baba yana raka su zuwa ƙyauren farko, ya zauna shi da Mot su jira su dawo. Karen yakan bi su da ido yana kukan ciki, amma ba ya matsawa ko taku ɗaya.

Baba ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya maka ba. Wai kana da aiki da iyali, wai kada a tayar maka da hankali a kan abin da ba ka da maganinsa. Na yi alkawarin, yau kuma na karya shi, idan zai yi fushi ya yi da ni. Ga dalilina. Ya roƙi likita ta bar shi ya hau sama sau ɗaya kafin aikin, ya ga teku daga can. Da farko ta ƙi. Da ya matsa ta ce sai dai ta hanyar daji mai sauƙi, a rana mai kyau, a hankali, kuma da mutum biyu masu ƙarfi, ɗaya a kowane gefe. Matasan coci sun ce za su riƙe shi, ya ce shi ba kayan dako ba ne da baƙi za su ɗauka. Ni zan tsaya a hagunsa. Da na tambaye shi wa zai tsaya a dama, sai ya juya ya kalli taga ya ce to a bar maganar kawai.

Ka gaishe mini da Carys ƙwarai, da Osian da 'yar ƙaramata Lleucu, ka ce mata na karɓi zanenta. Gwaggo Tegwen tana gaishe ku, maigidana Gethin ma haka. Baba bai aiko da gaisuwa ba, don bai san ina rubutawa ba. Kada ka ba ni amsa da baɗi, Meurig. Satumba ne watan ƙarshe da likita ta yarda, kuma damansa babu kowa.

Taka har kullum,
yayarka Eirlys.