Ranar da Na Hau Buena Fe

San Telmo,
Watan Yuni, 1874.

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata, Gertrudis,

Gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Facundo da yara duka. Yaya ciwon gwiwar da kika faɗa mini? Ina roƙon Ubangiji ya ɗauke miki shi, ya ƙara muku kwanciyar hankali a Santo Domingo. Mu nan jiki lafiya, sai dai ruwan sama har yanzu shiru, rijiyar bayan gida ta fara gishiri. Inna Severina tana nan da ranta, idon ne ya ƙara rauni, kullum sai ta tambaye ki.

Yaya, idan Allah ya kai su, to kafin ki karanta wannan 'yata Fidelia da mijinta Eusebio sun riga sun ƙwanƙwasa miki ƙofa, da akwati ɗaya, babu ko takardar gaisuwa daga gare ni. Idan kuwa ba su iso ba, don Allah ki riƙa aika mutum bakin kwata, inda jirage ke tsayawa, kullum ya duba jirginmu, Buena Fe. Bari in gaya miki yadda aka yi, don kada ki ji a bakin matuƙan jirage, su ƙara masa gishiri.

Kin san tun da sabon shugaba ya ƙwace mulki a Tsallake, babbar ƙasar nan da ke ƙetaren tekunmu, mutanensu suke gudowa tsibirin nan. Eusebio yana cikinsu. Kin kuma san halinsa, mutum ne mai sanyin murya da zafin alƙalami. Bai daina buga 'yar jaridarsa ba, matuƙa kuwa suna cusa ta cikin buhunan gishiri suna haye da ita. Da abin ya ishi shugaban, sai ya rufe mana tashoshinsa gaba ɗaya, ya ce babu jirgin San Telmo da zai ƙara taɓa gaɓarsa sai an miƙa masa masu zaginsa. Ke da kika tashi a nan ba sai na gaya miki ma'anar wannan ba. Masara ta yanke, shanu da ayaba sun yanke. Fatun awaki sun cika rumbuna suna wari, malafun da mata suka saƙa sun taru babu mai saye. Jirage sun yi layi a kwata kamar an ɗaure jakuna. 'Yan dako suna zaune a inuwa tun safe har yamma, mutum ya wuce su bi shi da ido.

Manyan 'yan kasuwa suka yi ta sintiri gidan Gwamna, ɗana Nelis yana tare da su, tun da shi ke riƙe da harkokinmu bayan rasuwar mahaifinsa. Ƙarshe Gwamna ya ba da umarni cewa Eusebio da wasu 'yan gudun hijira biyu su bar tsibirin. Bai faɗi inda za su ba, ya bar wannan a buɗe, ya koma gonarsa ta bayan gari wai zazzaɓi yake yi. Fidelia ta ce ƙafarta ƙafar mijinta, ga ta da ciki ya tsufa. Na yi kuka na share hawaye, na ce to, ƙasar Allah da faɗi. Nelis ya ce kada in damu, ya shirya komai, a jirginmu ma za su tafi. Har albarka na sa masa.

Ranar tafiyar da hantsi ina cikin ɗaure musu busasshen kifi, sai ga Kyaftin Damasio ya shigo ta ƙofar kicin, hula a hannu. Kin tuna shi, wanda ya yi wa marigayi mijina Evert tuƙi tun suna samari. Ya ce, uwar ɗakina, ni bawan umarni ne, amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Wai Nelis ya ba da hayar jirgin ga jakadan Tsallake, Tsallake kuma za a nufa kai tsaye, har an sa masa ƙarti biyu masu bindiga a ciki da sunan fasinja. Jakadan ya yi alkawarin za a yi musu afuwa, a buɗe tasha, Buena Fe ya zama jirgin farko da zai shiga. Damasio ya ce shi ya ga irin afuwar nan da idonsa bara: an sauko da wani malamin makaranta da mari a ƙafa, matarsa tana binsa a guje, har yau ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Yaya, ban san lokacin da kifin ya zube daga hannuna ba.

Ban tsaya neman Nelis ba. Na sa baƙar rigata ta zuwa coci, na yafa mayafi, na gangara kwata. Ban taɓa ganin wurin ya cika haka ba. Labari ya zaga cewa yau za a warware, mata sun fito da kwanduna kamar masara za ta sauka nan take. Sojojin Holan suna tsaye da wani laftanan yaro mai jan gashi, fuskarsa duk ta ƙone da rana. An riga an shigar da Eusebio da abokansa, Fidelia tana zaune kan akwatinta ta dafe ciki. Na ratsa mutane, na taka katakon hawa, ni da rabona da hawa jirgi tun Evert yana da rai. Na sami wata ganga kusa da jigon jirgin na zauna. Na ɗaga murya na ce jirgin nan nawa ne, mijina ya bar shi da sunana, kuma ba zai je Tsallake ba. Na ce baƙin nan biyu su sauka, ban gayyace su ba.

Nan take wurin ya ɓarke. Jakadan, wani gajere mai sandar azurfa, ya hau buga ta a ƙasa yana cewa ya yi magana da namiji, ba zai tsaya ciniki da tsohuwa ba. Wata daga cikin mata ta yi ihu wai in sauko in je in yi jinyar ƙafafuna. Wani ya ce ashe Petronila ta zama kyaftin, a ba ta hula. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya soke ni shi ne maganar Chandi, sarkin 'yan dako, wanda ya ɗauki gawar Evert a kafaɗarsa. Ya matso bakin jirgin, bai ɗaga murya ba. Ya ce, Iya, surukinki ɗaya ne, mu 'ya'yanmu nawa? Ya ce autarsa tana kwance, ruwan zafi da gishiri ake ba ta, ko jaridar za su dafa su ci? Gaskiya ya faɗa. Na dube shi kawai na ce, Chandi, ba zan iya ba.

Eusebio ya durƙusa gabana ya ce, Mama, ki sauka, shi ya jawo, shi zai je, a bar Fidelia a gida kawai. Fidelia ta ce idan ya ƙara faɗin haka za ta faɗa ruwa a gabansa. Na ce su duka su rufe mini baki.

Laftanan ɗin ya rasa yadda zai yi, gumi yana zuba daga haɓarsa. Ya ce shi umarninsa ya ga mutanen nan sun bar tsibiri, bai zo raba faɗan gado ba. Sai ya juya ya ce ina wanda ya ba da hayar. Aka buɗa, ga Nelis nan tsaye a bayan 'yan kasuwa, fuskarsa kamar toka. Laftanan ya tambaye shi a gaban kowa: jirgin na wane ne? Ya ce idan na Nelis ne, zai sa sojoji su ɗauke tsohuwar a hankali su ajiye ta a ƙasa, jirgi ya kama hanya. Idan kuwa nata ne, to ita ke da ikon faɗin wanda zai hau da inda za a nufa. Ba wanda ya kawo takarda, ba kuma wanda zai je nema. Maganar Nelis kawai ake jira. Tsohon da Nelis yake neman 'yarsa ya dafa masa kafaɗa yana raɗa masa wani abu. 'Yan dako suna kiran sunansa, Nelis, Nelis, faɗi mana! Ni ban kira shi ba, ban ko ɗaga masa hannu ba. Na dai dube shi. Ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi ƙanwarsa. Sannan ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, na mahaifiyata ne.

Laftanan ya sa aka sauko da ƙartin nan biyu. Jakadan ya rantse sai ciyawa ta tsiro a kwatar San Telmo kafin a buɗe mana tasha. Daga nan mutane suka harzuƙa. 'Yan dako suka zauna a kan igiyoyin jirgin suka ƙi kwancewa. Damasio bai yi musu gardama ba, ya ɗauko gatari ya datse igiyoyin daga ciki, yana yi wa yaransa tsawa su ta da filafilai. Duwatsu suka fara sauka. Ɗaya ya same ni a goshi, jini ya rufe mini ido, amma kada ki tsorata, ya riga ya kame. Ban sauka ba, don na san idan na sauka za a iya canza magana. Muka bi mashigar tashar a hankali, iska kamar ba ta so, bakunan igwa na ganuwa suna kallonmu. Ina ta jira in ji ƙara, don Gwamna yana iya warkewa daga zazzaɓinsa a kowane lokaci. Ba a harba ba. Da muka fita fili na ce wa Damasio ya nufi arewa, wurin Yayata. Na rungume Fidelia, na cire sarƙar gicciyen mahaifiyarmu na rataya mata, na sauka cikin kwalekwalen jagoran mashiga ya dawo da ni.

Washegari jirgin yaƙin Tsallake, mai hayaƙi, ya bi bayansu. Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Shekaranjiya masunta suka ce sun ga ya dawo shi kaɗai, ba ya jan komai, kuma jakadan yana ta zage-zage a ofishinsa. Da wannan nake riƙe zuciyata, har sai na ji daga gare ki.

Tasha dai tana nan a rufe. An fasa mana tagogin kanti, matan unguwa sun daina amsa gaisuwata, a coci bencin da nake zama ni kaɗai ce a kai. An cire Nelis daga majalisar 'yan kasuwa, maganar aurensa kuma ta mutu. Autar Chandi ta rasu ranar Talata. Na ɗebi rabin garin masarar da ya rage a gidan na je gaisuwa, ina tsammanin za a kore ni. Matarsa ta juya mini baya. Shi ya miƙo mini kujera, muka zauna. Fada, limamin cocinmu, ya ce zazzaɓi ne, da ma zai iya ɗaukarta ko da abinci. Ni dai ban sani ba, Yaya, kuma ba na jin zan taɓa sani.

Nelis ya kwashe kayansa ya koma kwana a kanti. Jiya bayan coci sai ga shi a ƙofar kicin, ya rame, bai aske gemu ba. Ya tambaya ko akwai labarin jirgi, na gaya masa abin da masunta suka ce. Ya daɗe a tsaye. Ya ce shi fa ya gaskata maganar afuwar, ko kuma ya so ya gaskata. Ya ce, kin san da na ce nawa ne, da yanzu an buɗe tasha, da wataƙila yarinyar nan tana raye. Na ce na sani. Ya ce tun ranar kullum sai ya ga kansa tsaye a kwatar nan ana sake tambayarsa, yana neman ya ba da wata amsar daban, amma bakinsa ya ƙi. Na zuba masa tuwon masara da miyar kuɓewa. Ya zauna a bakin ƙofa ya cinye, bai shigo ba, amma ya ce zai dawo.

Ga amanar 'yata nan na ba ki. Haihuwar fari ce, kuma tana da ɓoye ciwo, sai kin sa mata ido. Ki roƙi maigida ya nema wa Eusebio aiki a wurin masu buga littattafai, ya kuma ja masa kunne ya huta da siyasa har yaron ya zo duniya. Ki ce wa Damasio kada ya dawo da jirgin yanzu, ya nemi lodi a can, iyalinsa suna hannuna. Ki rubuto mini da jirgin farko, ko layi ɗaya ne.

Ki gaishe mini da maigida Facundo da kyau, da Evarista da mijinta, da Leoncio, da 'yan biyu. Inna Severina tana gaishe ku. Nelis ma ya ce a gaishe ki, ya ce a gaida ƙanwarsa idan za ta amsa. Ku sa mu cikin addu'a, ku sa garin nan. Ubangiji ya tsare ku, ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarki mai ƙaunarki,
Petronila Daal.