Yanar Idon Mama

Litinin, 2 ga Maris

Likita ya tabbatar: farar yana ce ta rufe wa Mama ido, ba sammu ba, ba iska ba. Ya ce aiki ne ƙarami, a kankare a sa wani ɗan gilashi a ciki. Yaya bai yarda ba. Shi dai a koma wurin mai tofin nan da ya shekara yana ɗiga mata ruwan rubutu, idon sai ƙara fari yake. Na yi masa bayani yadda nake yi wa ɗalibaina a aji, har da zane a bayan kwalin magani. Ya ture kwalin. "Auta, ke da ba ki yarda da komai ba, in aka tsiyaye mata ido ke kika jawo."

A gaban Mama ya faɗa.

Alhamis, 5 ga Maris

Mama ta ce a yi aikin. Wai ta gaji da zuba gishiri a shayi.

Talata, 10 ga Maris

An shiga da ita da safe. Bencin asibiti, ni a wannan ƙarshe, Yaya a wancan da carbinsa. Na yi masa hassada, gaskiya. Shi yana da abin yi da hannunsa da bakinsa. Ni ba ni da wanda zan roƙa. Na san aikin nan kusan kullum yana yin kyau, na karanta, na sake karantawa, amma sanin bai hana ni jin tsoro ba. In abin ya ɓaci ba za a ce tsautsayi ba ne, za a ce rashin imanina ne ya ci idon uwata.

Aka turo ta a keke, ido a ɗaure, tana mitar yunwa.

Laraba, 11 ga Maris

An cire bandeji. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta zuba mini ido. Na zaci kuka za ta yi.

"Auta, yaushe kika yi furfura?"

Dariya har nas ta leƙo. Yaya ya yi sujada a kan tayil ɗin ɗakin. A raina na ce ga likitan da ya yi aikin nan tsaye, a fara gode masa mana. Sai na ga shi ma likitan yana cewa alhamdulillahi. To.

Asabar, 14 ga Maris

Ina ɗiga mata magani da hantsi, kanta a cinyata, ta ce, "Idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Ina jin ki kina buɗe famfo ki rufe, ki shiga ɗaki ki zauna a bakin gado. Ba ƙarar alwala ba ce wannan."

Na kuskure idon, maganin ya zuba a kumatunta. Na ce, "Mama, na yi ƙoƙari. Na nemi imanin a raina, ban samu ba."

Ta ce, "Abin yana mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki daina ɓarnar ruwa. Addu'a kuma ba zan fasa yi miki ba, kar ki ce za ki hana ni."

Na ce ba zan hana ba. Shi ke nan fa. Abin da na yi shekaru ina tsoro! Ta ce in goge mata fuska.

Lahadi, 22 ga Maris

Yaya har yanzu gaisuwa kawai. Amma ya tambayi yaushe za a yi ɗaya idon.

Lahadi, 19 ga Afrilu

Na karɓo mata tabarau na karatu. Abin da ta fara buɗewa Alƙur'aninta ne, na san haka za a yi. Na baje takardun jarrabawa a tabarma ina dubawa, ita tana bin layi da yatsa, muryarta na rawa kaɗan.

Ra'ayina bai canja ba, ban yarda akwai wani mai saurare a sama ba. Ni dai na saurara. Da ta kai aya ta tsaya, sai na ji bakina ya ce, "Ci gaba mana, Mama."

Ko takarda ɗaya ban duba ba.