Ƙugiyar Cokalin Yaya Sirajo

Ɗanzomo, Sule Tankarkar

Zuwa ga Yaya Sirajuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a can Legas tsakanin shanu da motoci. Mu nan lafiya lau muke. Damina ta yi kyau, geron Baba ya fara fid da kai, gyaɗar Inna ma ta rufe ƙasa. Gwiwar Inna tana damunta in an yi ruwa, amma ba ta hana ta komai ba. Autarmu Rahama ta fara tafiya, ba abin da take bari a ƙasa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Duk ranar da ka kira, Baba ya miƙo mini waya, sai bakina ya mutu. Daga gaisuwa sai in miƙa masa abinsa, in koma ɗaki ina jin haushin kaina. Shi ya sa na rubuta, zan ba Malam Zayyad, direban tirelar shanun da ke tashi daga Maigatari, tunda Baba ya ce yana ganinka a kara, kasuwar shanu.

Yaya, tafkin bayan gari ya cika. Ya cika har ya taɓa gindin kukar nan da kake zama, bado ya rufe gefensa, yara suna kama tarwaɗa da tana. Ranar da na gani sai na ɗauko gwangwanin madarar da ka bari a saman katangar ɗakinka. Cokalin fatsarka yana nan a ciki, wanda ka yanke wa mariƙi ka huda shi da ƙusa, ka ce ba ya buƙatar tana, sheƙinsa ne ke yaudarar kifi. Har yanzu in an yi baƙi cokula suka kasa, Inna takan ce ɗaya yana wurin kifayen Sirajo. Na goge shi da toka ya dawo fes. Amma ƙugiyar da ke wutsiyarsa tsatsa ta cinye ta, ina taɓawa ta farfashe a hannuna, ko kamanninta ba a ganewa. Baba ya ce in jefar, wai kai yanzu ka girmi wasan kifi. Ni kuwa na ɗaure cokalin a bakin zane.

Ranar kasuwar Maigatari na bi Gwaggo Mairo don in riƙe mata kaya. Akwai wani tsoho, Malam Ɗantsoho, mai sayar da allurai da kwaɗo da zaren roba, shi aka ce yana da ƙugiyoyi. Na tsaya a gabansa na kasa magana, sai da Gwaggo ta zungure ni ta ce in ba zan buɗe baki ba ta tafi ta bar ni da raƙuma. Sai na kwance bakin zane na nuna masa. Ya juya cokalin ya yi dariya, ya ce wanda ya ƙera wannan ko dai gwani ne ko ɓarawon kayan uwarsa. Gwaggo ta ce ai duka biyun ne.

Ya zube mini ƙugiyoyi a faranti, ban san suna da yawa haka ba. Ya nuna mini mai baki uku, ya ce in kifi ya taɓa ta ba ya tsira, amma tana kwaso ciyawa kamar manjagara. Ya nuna mai baki ɗaya, ya ce ita takan ratsa bado salin alin, sai dai wani lokaci kifi ya zame. Ya ce in ta yi girma za ta danne cokalin ya daina rawa, in ta yi ƙanƙanta babban kifi zai miƙe ta. Ya ja bakin ɗaya a kan farcensa ya nuna mini yadda mai kaifi ke cizo, dakusasshiya kuma ta wuce sumul. Sannan ya tambaye ni wace iri mai cokalin yake so. Yaya, duk zaman da na yi a bayanka ina riƙe maka bokiti, ban taɓa duban ƙugiyar ba, hannunka nake kallo in za ka wurga. Hawaye suka zo mini a tsakiyar kasuwa. Tsohon ya yi kamar bai gani ba, ya ce in ɗauki iri biyun in je ruwa ya raba mini gardama.

Da muka dawo na bari sai da masu shayar da dabbobi suka watse daga bakin rijiya. Na ɗaura mai baki uku da zaren ɗinki, na ja cokalin a cikin komin ruwa. Sai ya nutse yana tafiya da nauyi kamar mai ciwon ƙafa. Na sauya na ɗaura mai baki ɗayan. Wallahi Yaya, ina ja sai ya fara juyi yana walƙiya, daidai yadda yake yi a hannunka. Na tuna kuma yadda kake faɗa da ciyawar tafki in ta kama maka zare, kana cewa ita kaɗai ce kifin da ba ya ƙin ka. Saboda haka ita na zaɓa. Ban sani ba ko na yi daidai.

Amma ban saka ta ba. Ɗan zoben ƙarfen da ke wutsiyar cokalin ya yi tauri, farcena ba ya buɗe shi. Baba ya gan ni ina fama, ya ɗauko filayar kekensa ya ce in kawo ya ɗaura mini yanzun nan. Na ce a'a. Ban taɓa ce wa Baba a'a ba, shi ma sai da ya dube ni. Na ce masa aikin mai shi ne. Sai ya mayar da filayar ya ce to, in ajiye da kyau.

Ka ce za ka zo in tafki ya cika, damina ta wuce ba ka zo ba, wata ma ta wuce. Ba ƙorafi nake yi ba, na san aiki ne. Amma ka san tafkinmu, da an yanke gero zai fara ja baya, kafin a kai amfani rumbu ya koma taɓo. Malam Zayyad ya ce tirelarsa takan dawo da sauran wuri a gaba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Baba yana sa maka albarka. Gwaggo Mairo ta ce a gaida ɓarawon cokali. Ka gaishe mini da Kawu Sha'aibu da kuke ɗaki ɗaya. Cokalin da ƙugiyar suna cikin gwangwani, na shafa musu man gyaɗa na naɗe su a tsumma ɗaya, amma ba a haɗe suke ba. Ban taɓa filayar ba, na dai san inda Baba yake ajiye ta.

Wassalam.

Ƙanwarka mai riƙe maka bokiti,
Naja'atu